Ɗaliban jinya da darussan kimiyya: a ina shaidarsu ke da ƙarfi?

Duk wanda ya taɓa shiga makarantar koyon aikin jinya a Najeriya ya san watannin nan na farko da ɗalibai ke kira PTS. A cikinsu ake jibga wa sabon ɗalibi anatomi da fiziyoloji, wato ƙirar jikin ɗan Adam da yadda kowane sashe ke aiki, ga ilimin ƙwayoyin cuta, ga sinadaran jiki, ilimin magunguna kuma yana tafe a gaba. A ƙarshen watannin akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya, daga ita wasu ke sa farar hula, wasu su haɗa kayansu su koma gida. Kafin a zo nan ma sai da kowa ya nuna kiredit biyar a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks. Duk da wannan sharaɗi, darussan kimiyya ne suka fi ba ɗalibai tsoro, kuma su ake fara mantawa da zarar an shiga ɗakin majinyata.

Wannan ciwo ba mu kaɗai yake damu ba. An yi shekaru da dama ana tambayar ɗaliban jinya a Birtaniya da Ostareliya da Norwe game da waɗannan darussa, kuma amsoshinsu sun yi kama da abin da za ka ji a bakin ɗaliba a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Karatun ya yi yawa, lokacin ya yi kaɗan. Ana koyar da shi kamar ga wanda zai zama likita ko masanin ɗakin gwaje-gwaje. Ba a ganin amfaninsa sai an tsaya a gefen gadon mara lafiya, a lokacin kuwa darasin ya daɗe da wucewa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da yawansu ba sa neman a rage musu kimiyyar. Roƙonsu a ƙara mata lokaci, a kuma nuna musu inda ta haɗu da aikin hannunsu. Wani ɗan Najeriya, marigayi Farfesa Justus Akinsanya, wanda ya yi koyarwa a Birtaniya, tun a shekarun 1980 yake kira da a daina ɗauko kimiyyar likitoci ana miƙa wa ma'aikatan jinya yadda take. Ya so a gina musu ita a kan ayyukan da suke yi kullum.

Hanyoyin da ake kira sababbi don magance wannan, yawancinsu sun kwana biyu. A 1969 makarantar likitoci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta fara koyarwa ta hanyar ba ƙananan rukunin ɗalibai labarin wani mara lafiya, su nemo da kansu ilimin da zai warware matsalarsa. A farkon shekarun 1990 Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya riƙa tsayar da lacca ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ga na kusa da shi su yi gardama kafin a sake amsawa. A 2007 wasu malaman kemistiri biyu a wata sakandare a jihar Kolorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara naɗar darasi a bidiyo ɗalibai su kalla a gida, lokacin aji kuma a yi aiki da abin da aka kalla. Mutum-mutumin koyon aiki kuwa ya girmi duk waɗannan, tun 1911 aka fara amfani da shi a wani asibiti a garin Hartford na Amurka. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne waya: bidiyon zuciya tana bugawa, manhajar da ke buɗe jiki sashe-sashe, gajerun tambayoyi a rukunin WhatsApp na aji.

Idan aka gwada ɗaya daga cikin waɗannan, al'adar ita ce a raba wa ɗalibai takarda a ƙarshen zango a tambaye su ko sun ji daɗi, ko suna ganin sun ƙaru. Sakamakon ba ya cika bambanta. Suna son bidiyo, suna son mutum-mutumi, suna son labarin mara lafiya. Ba sa son aikin rukuni idan mutum biyu ne ke yi wa mutum goma, ba sa son a ce sai sun yi karatu kafin su zo aji, kuma akwai waɗanda kullum za su ce a mayar da su ga lacca da takardun da malami ke rabawa, domin a nan ne suke sanin iyakar abin da za su karanta. Daga wannan takarda wasu makarantu ke yanke hukuncin ci gaba da sabon tsari ko watsar da shi. A nan nake ganin ana tafka kuskure.

A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji da suka yi a ajin fiziks na sababbin ɗalibai a Harvard. An raba ɗaliban gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Darasi ɗaya, takardu iri ɗaya. Kashi ɗaya ya saurari lacca mai tsari daga ƙwararren malami, ɗaya kashin kuma aka sa shi ya fara kokawa da tambayoyin a rukuni kafin malami ya yi bayani. A darasi na gaba aka musanya. Da aka yi musu gwaji, waɗanda suka yi kokawa da tambayoyin sun fi cin maki. Da aka tambaye su yadda suka ji, sai suka ce a laccar suka fi ƙaruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malamin da ya iya bakinsa yana sa abu mai wuya ya shige kunne lami lafiya, mai sauraro ya ɗauka ya gane. Wanda aka bar shi da tambaya kuwa yana jin zafin rashin sani, sai ya ɗauki zafin nan a matsayin alamar ba ya koyo, alhali a daidai lokacin ne ilimin ke kama shi.

Wannan bai tsaya ga aji ɗaya ba. A 2014 Scott Freeman da wasu masana suka tattara bincike 225 da aka yi a darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci na jami'o'i. Sun samu cewa a azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, a azuzuwan da ake sa ɗalibai aiki kuma kusan kashi 22. Tun kafin nan, a 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Masu maimaita karatu ne suka fi tabbacin za su tuna. Bayan mako guda sai ga shi waɗanda aka karɓe wa takarda sun fi su nesa. Wanda ya yi makarantar allo ba zai yi mamakin wannan ba, domin malam ba ya karɓar "na haddace" daga bakin yaro, sai ya kife allon ya biya da ka, gobe ya sake, bayan kwanaki kuma ya kawo shi a tilawa. Hadda ba ita ce matsalar makarantun jinya ba, tunda sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna dole sai an haddace su. Matsalar ita ce haddar daren jarrabawa wadda ba wanda zai sake nemanta bayan an tashi daga zauren.

To, sai a ce ra'ayin ɗalibai ba shi da amfani ke nan? Ko kusa. Ɗalibi ba ya iya auna yawan abin da ya shiga kansa a ranar da aka koya masa, amma babu wanda ya kai shi sanin abin da ya tare masa hanya. Idan ya ce bai ga alaƙar darasi da aikinsa ba, wannan shaida ce ta gani da ido, kuma ita ce ƙorafin da ya fi kowane nauyi.

A ɗauki jijjiga, ciwon nan da ke kama mai juna biyu ko mai jego sakamakon hawan jini, wanda ya daɗe yana cikin manyan masu kashe mata a Arewa. Maganinsa magnesiyam salfet ne. A ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi bi a asibitocinmu, bayan allurar farko ana yi wa mace giram 5 a ɗuwawu duk bayan awa 4. Amma kafin kowace allura akwai abu uku da ma'aikaciyar jinya ko ungozoma za ta duba: numfashi bai gaza 16 a minti ɗaya ba, fitsari bai gaza mililita 30 a awa ɗaya ba, sannan idan an ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa ƙafa tana harbawa. Ana iya haddace waɗannan uku a minti biyar, a kuma manta ɗaya daga ciki da ƙarfe uku na dare. Wadda aka koya wa dalilinsu ba za ta manta ba. Ƙoda ce ke fitar da magnesiyam daga jiki, ciwon da ake magani kuma shi kansa yana iya taɓa ƙoda. Idan fitsari ya ragu, maganin yana taruwa a jini. Idan ya taru, yana toshe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Harbin gwiwa ne ke fara ɓacewa, daga nan sai tsokokin numfashi su yi rauni, daga ƙarshe zuciya. Shi ya sa ake ajiye kalsiyam gulukonet a kusa don karya ƙarfinsa. A cikin wannan misali guda akwai darasin ƙoda, da darasin jijiya da tsoka, da darasin magunguna, waɗanda a jadawali kowanne yana zangonsa daban da malaminsa daban. Lokacin da aka shigar da wannan magani wasu asibitoci goma na jihar Kano a 2008 tare da horar da ma'aikata, mutuwar mata masu jijjiga ta ragu ƙwarai. Ɗalibar da ta ji wannan kafin a buɗe mata babin ƙoda, da wani kunne daban za ta saurari babin.

Haka abin yake a ɗakin yara. Me ya sa ake haɗa gishiri da sukari a ruwan da ake ba mai gudawa? Saboda hanji yana shigar da gishiri tare da sukari ta ƙofa guda, ruwa kuma ya bi su. Me ya sa ba a sakar wa yaro mai tamowa ƙarin ruwa a jijiya yadda ake sakar wa sauran yara? Saboda zuciyarsa ta yi rauni, ruwa mai yawa zai iya fin ƙarfinta. Ko lissafin ɗigon ruwa: mililita 500 a awa 4, da igiyar da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ya kama ɗigo 42 a minti. Ɗaliban da ke cewa lissafi ba nasu ba ne sukan sauya magana ranar da aka miƙa musu ledar ruwa da agogo. Babu ɗayan waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada. Abin da suke buƙata shi ne malamin da ya san kimiyyar kuma ya san ɗakin majinyata, ko malamai biyu da za su yarda su tsaya a aji ɗaya. Samun wannan ya fi sayen kwamfuta wuya, domin sau da yawa mai koyar da fiziyoloji bai taɓa kwana a kan aikin dare ba, wanda ya kwana kuma bai da ƙarfin gwiwar koyar da fiziyoloji.

Wani wurin da ya kamata a gaskata ɗalibai shi ne maganar harshe. Karatun da Turanci ake yi, Turancin ma mai cike da kalmomin Latin da Girkanci, mara lafiyar da za a yi wa bayani kuma Hausa ko Fulatanci ko Kanuri yake ji. Ɗalibai da yawa za su gaya maka ba a aji suka gane darasi ba, sai da dare a ɗakin kwana, da wata 'yar ajinsu ta warware musu shi da Hausa. Wasu malamai na kallon wannan a matsayin rauni. Ni ina ganin ita ce hanyar Mazur ɗin nan, ɗalibai suka gano ta da kansu ba tare da an sa musu suna ba. Wanda ya gane abu jiya ya fi tuna inda ya sha wuya fiye da wanda ya gane shi shekara ashirin da suka wuce. Da za a shigo da wannan cikin aji, a ba da minti uku kowa ya yi wa na kusa da shi bayani da harshen da ya fi masa sauƙi, sannan a dawo a rubuta amsa da Turancin da jarrabawa ke nema, malami zai ji kurakuran da ke yawo a ɗakin kwana ya gyara su. Shirin Women for Health na ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, ya gane cewa giɓin yana farawa tun daga sakandare, shi ya sa ya kafa shekarar share fage inda ake ƙarfafa wa 'yan matan karkara kimiyya da Turanci kafin su nemi shiga makarantun kiwon lafiya.

Sai kuma tsada. Idan ɗalibi ya ce bai kalli bidiyon da aka tura ba saboda ba shi da data, ko wayarsa ta mutu babu wuta, bai kamata a fara da zarginsa da lalaci ba. Rufe makarantu da aka yi a Maris na 2020 saboda korona ya nuna wa kowa yadda karatu ta intanet ke raba masu hali da marasa hali. Tsarin da ke cewa a yi karatu a gida a zo aji a yi aiki yana ɗauka cewa kowa na da gida mai shiru da lokacin kansa. A makarantunmu akwai matan aure masu goyo, akwai masu tashi daga aikin dare a asibiti su wuce aji. Wannan ba hujjar watsar da tsarin ba ce, hujja ce ta gyara shi: bidiyo ya zama gajere, a tura shi ta hanyar da ba ta cin data daga waya zuwa waya, ko a mayar da shi shafi biyu a takarda, a kuma rage wani abu daga jadawali maimakon a ɗora sabon kaya a kan tsohon.

Game da mutum-mutumi da kwaikwayon aikin asibiti, wanda shi ɗalibai suka fi yabo, akwai hujja mai ƙarfi a bayansa. A 2014 majalisar hukumomin jinya ta jihohin Amurka ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a makarantu 10, inda aka maye gurbin har rabin sa'o'in koyon aiki a asibiti da kwaikwayo, ba a kuma ga bambanci ba a ilimin ɗaliban ko cin jarrabawar lasisi ko ƙwarewarsu a farkon watannin aiki. Sai dai masu binciken sun gindaya sharuɗɗa: malamai horarru, kayan aiki isassu, da zaman bita bayan kowane kwaikwayo, inda ake tambayar ɗalibi me ya gani, me ya yi, don me. A zaman bitar nan kimiyya ke shiga. Idan aka cire shi, abin da ya rage wasan kwaikwayo ne mai daɗi, ɗalibai za su ba shi maki mai yawa a takardar ra'ayi, ba kuma lallai su fita da komai ba. Bita kuwa ba ta yiwuwa da mutum ɗari a kan gado ɗaya. Wannan abin damuwa ne yanzu, domin gwamnatin tarayya ta faɗaɗa gurbin ɗaukar ɗaliban jinya sosai a 'yan shekarun nan, a daidai lokacin da ƙwararru ke ficewa. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Daga cikin irin waɗannan ake samun masu koyarwa a aji da masu riƙe hannun ɗalibi a asibiti.

Akwai wani ra'ayin ɗalibai da ya kamata a karɓa da taka-tsantsan, wato cewa "ni da gani nake koyo" ko "ni sai na ji". Masana sun bi diddigin wannan a 2008 ba su samu hujjar cewa daidaita koyarwa da salon da mutum ya ce nasa ne yana ƙara masa fahimta ba. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Zagayen jini yana son zane, ƙarar huhu tana son kunne, neman jijiya yana son yatsa, ko wane ne ɗalibin.

Waɗanda ke roƙon a mayar da su ga lacca da takardar malami kuma, kada a yi saurin yi musu kallon ragwaye. Lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. Idan jarrabawar ƙarshen zango za ta ce "lissafo ayyukan ƙoda guda biyar", ɗalibin da ya ɓata awa biyu yana muhawara a kan mace mai jijjiga ya yi asarar lokacin hadda, shi kuma tankaɗe ke jiransa. Jarrabawa ce ke gaya wa ɗalibi abin da makaranta ta ɗauka da muhimmanci, komai malami zai faɗa a aji. Hukumar jinya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta, tana kuma gwada aikin hannu tasha-tasha, tsarin da Ronald Harden ya fito da shi a Dundee ta Sukotlan a 1975. Amma jarrabawar cikin gida, wadda ita ke tsara yadda ɗalibi zai yi karatu mako-mako, tana hannun makarantu. Tambaya ɗaya da za ta ce "fitsarin wannan mata ya koma mililita 15 a awa, lokacin allurarta ya yi, me za ki yi kuma don me?" ta fi dogon wa'azi a kan muhimmancin fahimta tasiri a kan yadda za a yi karatu a daren.

Saboda haka tambayar da ake yi wa ɗalibai ita ke buƙatar gyara. "Kin ji daɗin darasin?" ba ta kai ko'ina. A tambaye ta a ina ta ɓace, me ya hana ta shiri, wa ya yi aikin a rukuninsu, wane darasi ta nema a asibiti ta tarar babu shi a kanta. A bar ta ta amsa ba tare da rubuta suna ba, domin a wurin da makomar ɗalibi ke hannun malami, ga kuma tarbiyyar da ta hana ƙarami kushe babba a gabansa, takarda mai suna yabo kawai za ta kwaso. Batun ko ta koya kuwa, a bar wa gwaji, kuma gwajin a maimaita shi bayan wata uku ba tare da sanarwa ba. Su Deslauriers sun ƙara da wani abu mai sauƙi: da malami ya ɗauki ɗan lokaci a farkon zango ya bayyana wa ɗalibai cewa wahalar da za su ji alamar koyo ce, ya nuna musu hujja, sai ƙin tsarin ya ragu. Ɗaliban jinya manya ne, sun cancanci a yi musu wannan bayani kafin a sauya musu tsarin aji.

Sannan a daina tsayawa ga 'yan shekarar farko. Ɗalibar shekarar ƙarshe da ta zaga ɗakin haihuwa da ɗakin yara da na tiyata ta fi sanin wane darasi ya tsaya mata da wanda ya zube. Wanda ya gama aka tura shi ƙaramin asibitin ƙauye, inda babu likita kuma shi ne mai yanke shawarar a riƙe mara lafiya ko a tura shi gaba, ya fi su duka sani. Makarantu na da lambobin tsofaffin ɗalibansu, yawanci ma suna rukuni ɗaya a WhatsApp. Yanzu da ake mayar da makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma ta ƙasa da babbar difloma, ana kuma sake duba manhaja, a tura wa waɗannan tsofaffin ɗalibai tambayoyin kafin a rubuta sabon jadawalin anatomi da fiziyoloji.